Yadda na bi sawun jitar Nels Cline, daga faifan Tinariwen zuwa jaz da punk

Duk wanda kunnensa ya saba da kiɗan Abzinawa, in ya kunna kundin Tinariwen mai suna Tassili, tun a waƙar farko zai ji akwai baƙo a cikin taron. Kundin ya fito a 2011, an ɗauke shi a hamadar kudu maso gabashin Aljeriya kusa da garin Janet, kuma mafi yawansa jitar katako ce da tafi da muryoyi. Amma a waƙar buɗewa, Imidiwan Ma Tenam, akwai wata jitar lantarki can baya da ba ta bin takun sauran. Tana shawagi, tana jan sauti ɗaya har ya siranta, sannan ta ɓace. Mai kaɗa ta Ba'amurke ne, sunansa Nels Cline. Daga ranar da na so in san ko wane ne shi zuwa ranar da na fahimci yadda ayyukansa suke a jere, wata bakwai na ci, kuma rabin wannan lokacin a hanyar da ba ta ɓullewa na ɓata shi. Ga yadda abin ya tafi, mataki bayan mataki.

Matsala ta farko ita ce sunan kansa. Waƙar ta zo mini ne ta katin memori, irin wanda masu tura waƙoƙi a kasuwa suke cikawa, kuma fayil ɗin ba ya ɗauke da komai sai lamba. Waƙar da ta bi ta waya goma kafin ta iso gare ka, sunan kundin da shekararsa da sunayen makaɗan duk sun zube a hanya. Abin da ya warware mini shi ne manhajar gane waƙa, wato Shazam, wadda ta ba ni sunan ƙungiyar da na waƙar, sannan na nemi jerin waƙoƙin kundin na asali a intanet. A nan aka rubuta baƙin da aka gayyata: Nels Cline a waƙar farko, Tunde Adebimpe da Kyp Malone na ƙungiyar TV on the Radio a wasu, da kuma masu busa na Dirty Dozen Brass Band. Kundin ne ya ci wa Tinariwen kyautar Grammy a 2012. A rubuta sunan mutumin cikakke wurin nema. Da na rubuta Cline kawai, abin da ya cika mini allo shi ne Patsy Cline, mawaƙiyar kiɗan ƙauyen Amurka da ta rasu tun 1963, wadda ba abin da ya haɗa su sai suna.

Da cikakken suna kuwa, kusan duk sakamakon farko abu ɗaya yake faɗi: mai jitar ƙungiyar Wilco ta birnin Shikago. Nan na yi kuskuren da ya fi cin lokaci. Na ɗauka tunda shi ne mai jitar Wilco, sai in fara daga kundinsu na farko in gangaro. Na saurari A.M. na 1995, da Being There na 1996, da Summerteeth na 1999, da Yankee Hotel Foxtrot na 2002, har A Ghost Is Born na 2004, mako uku cur ina kasa kunne ina neman wancan sautin. A na ƙarshen ma har na yi murna, don akwai jita mai haukan gaske a ciki, na ce to ga shi nan. Ashe ba shi ba ne, Jeff Tweedy ne shugaban ƙungiyar yake kaɗawa da kansa. Cline bai shiga Wilco ba sai 2004, bayan an gama ɗaukar wancan kundin. Duk biyar ɗin babu hannunsa a ko ɗaya. Inda ya fara bayyana shi ne Kicking Television na 2005, wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo, sai Sky Blue Sky na 2007, kundinsu na farko na situdiyo tare da shi. Wanda yake son jin sa a Wilco cikin minti shida, ya nemi waƙar Impossible Germany, ya jira rabinta na biyu. Daga nan zai gane hannun: yatsa mai girgiza sauti da sauri, da layi mai hawa a hankali kafin ya fashe.

Mataki na uku shi ne wanda ya kamata a ce na fara da shi, wato Discogs. Wannan rumbun bayanan faifai ne, kuma kallonsa kyauta ne, ba sai ka buɗe asusu ba. Shafin kowane makaɗi ya kasu: akwai faifan da suka fito da sunansa, akwai waɗanda ya bayyana a cikinsu, akwai kuma wurin da ake lissafa duk aikin da aka rubuta sunansa a kai ko da jita kawai ya kaɗa a waƙa ɗaya. A saman shafin kuma akwai jerin ƙungiyoyin da yake ciki, kowacce da nata shafin dabam. Na jera faifan bisa shekara, daga mafi tsufa, sai kaina ya ɗaure. An haife shi a Los Anjeles a 1956, ke nan yana da shekara 48 lokacin da ya shiga Wilco. Faifansa Elegies, shi da mai bes Eric von Essen, ya fito tun 1981. A 1984 yana cikin ƙungiyar mai saksofon Julius Hemphill tare da ɗan'uwansa Alex Cline, tagwayensa, mai ganguna. A 1988 ya fitar da Angelica a kamfanin Enja na Jamus. Wato abin da shafukan kiɗan rok suke kira ayyukansa na gefe, su ne gindin bishiyar, Wilco ce reshen da ya tsiro daga baya. Sanin wannan kaɗai ya canza yadda nake neman komai. Na daina tambayar me ɗan Wilco yake yi in ya samu hutu, na koma tambayar da wa da wa wannan mutumin yake kiɗa tun shekarun 1980.

A wannan matakin na ɗauki littafin rubutu na ja layi huɗu: shekara, sunan da ke kan faifan, kamfanin da ya fitar, da abokan kiɗan. Layi na biyu shi ne mafi amfani, saboda manhajojin sauraro suna raba mutumin gida-gida. Nels Cline shafi ɗaya ne, The Nels Cline Singers wani shafin, The Nels Cline 4 wani, Nels Cline Trio wani, kuma shafin farko ba lallai ya kai ka sauran ba. Akwai kuma sunayen da ko alamarsa babu a ciki, irin su Scarnella da Banyan da CUP da Quartet Music. Biyu na tsakiya suna da wahalar nema, don kalmomi ne da ƙungiyoyi da yawa suke amfani da su. Dabarar ita ce a haɗa da sunan abokin aikin: Banyan da Stephen Perkins, mai gangunan Jane's Addiction, CUP da Yuka Honda ta Cibo Matto, wadda ita ce matarsa. Sunan Singers ma tarko ne. Na yi ta tsallake shi har mako biyu don na zaci ƙungiyar mawaƙa ce, ni kuwa jita nake nema. Ashe zolaya ce, babu mai rera waƙa a cikinsu, kundinsu na farko na 2002 ma sunansa Instrumentals, ma'ana kiɗa zalla.

Daga nan na shiga ɓangaren jaz, kuma na shiga ta ƙofar da ta fi kowacce ƙunci. Na ga sunan mai saksofon John Coltrane a jikin Interstellar Space Revisited na 1999, na ce tunda Coltrane sananne ne bari in fara da shi. Minti huɗu na jure na kashe. Ganguna ne da jita kawai, Gregg Bendian da Cline, ba bes, ba takun da ƙafa za ta bi, jitar tana ihu kamar injin niƙa da ya haɗiyi tsakuwa. Ban san tarihin abin ba a lokacin. Coltrane ya ɗauki Interstellar Space a watan Fabrairun 1967, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, shi da mai ganguna Rashied Ali su biyu rak, kuma ba a fitar da shi ba sai 1974. Yana cikin mafi tsaurin abin da ya bari. Cline da Bendian sun ɗauki wannan ne suka sa jitar lantarki a gurbin saksofon. Wanda bai ji na asalin ba, ba zai gane abin da suke amsawa ba. Sai da na koma na saurari na Coltrane sau da yawa, na riƙe 'yan gajerun jimlolin da ke buɗe Mars da Venus da Jupiter da Saturn, sannan na dawo na ji su a bakin jita. Wannan ya ɗauki wajen wata ɗaya.

Da zan sake, ga jerin da zan bi, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni. A fara da Lovers na 2016, kundinsa na farko a kamfanin Blue Note. Faifai biyu ne, kusan minti 90, da makaɗa sama da 20 ƙarƙashin tsarin Michael Leonhart. Kiɗa ne mai laushi, tsofaffin waƙoƙin soyayya na Amurka gauraye da nasa da wata ta ƙungiyar rok Sonic Youth, kuma jitar tana fita tas ba tare da ƙara ba. A nan kunne yake koyon muryar hannunsa. Sai Room na 2014, shi da Julian Lage wanda ya girme wa da sama da shekara 30, jita biyu ba wani abu. Wannan kundin a lasifikar waya asara ne, don an raba su ne ɗaya a kunnen dama ɗaya a hagu, waya kuwa tana cakuɗa su wuri guda. A sa abin sauraro a kunnuwa biyu, kada a yi irin ta masu cire ɗaya don jin kira. Bayan shi Currents, Constellations na 2018, inda su biyun suka ƙara da Scott Colley a bes da Tom Rainey a ganguna. Da waɗannan uku mutum zai gane tsarin da jaz yake bi: a kaɗa kan waƙar, wato jigonta, tare, kowa ya fita shi kaɗai ya faɗi nasa a kan wannan ginshiƙin, sannan a dawo kan waƙar a rufe. In ka riƙe kan waƙar, ba za ka ɓata a tsakiya ba.

Sai Singers, inda na fi daɗewa kuma har yanzu ban fita ba. Asalinsu mutum uku ne, Cline da Scott Amendola a ganguna da na'urorin sauti, da Devin Hoff a bes. Kundayensu na farko, Instrumentals da The Giant Pin na 2004 da Draw Breath na 2007 da Initiate na 2010, duk kamfanin Cryptogramophone ne ya fitar, na mai goge Jeff Gauthier wanda tsohon abokin kiɗansa ne tun zamanin Quartet Music. Daga Macroscope na 2014 Trevor Dunn ne a bes, a Share the Wealth na 2020 kuma sun zama shida, da saksofon da kibod da kayan kaɗe-kaɗen Cyro Baptista ɗan Brazil. Abin da ke faruwa da sabon mai sauraro a nan shi ne ƙarar murya. Waƙa za ta fara shiru kamar ba a kunna ba, ka ƙure ƙara, minti biyu a gaba sai ta rufto maka. Ba matsalar fayil ba ce, haka aka ɗauka, ba a matse sautin ya zama tsayi ɗaya irin na waƙoƙin rediyo ba. A bar ƙarar a tsakiya, a nemi wuri mai shiru, in da hali bayan an kashe janareta. Ni a ganina The Giant Pin ne ya fi nuna su duka, don a cikinsa ake jin jaz da hayaniyar rok suna musayar wuri ba tare da an ga ɗinkin ba. Bayan su ne New Monastery na 2006, inda ya kaɗa waƙoƙin mai fiyano Andrew Hill, sannan a ƙarshe a je wa Coltrane.

Ɓangaren punk, wato kiɗan rok mai zafi da sauri, ta hannun mutum ɗaya ake shigarsa, Mike Watt. Shi ne mai bes na Minutemen, ƙungiyar mutum uku daga San Pedro a Kalifoniya, waɗanda kundinsu Double Nickels on the Dime na 1984 ke ɗauke da waƙoƙi sama da 40, da yawansu ba su kai minti biyu ba. Ƙungiyar ta ƙare a Disambar 1985 da rasuwar mai jitarsu D. Boon a hatsarin mota. Cline ba ɗan Minutemen ba ne, kada a sake irin kuskurena na Wilco, amma sauraron wancan kundin yana da amfani don a san daga ina Watt ya fito. Ɗaya daga cikin faifan da Watt da Cline suka haɗu a kai shi ne Ball-Hog or Tugboat? na 1995. Sai dai wannan kundin cike yake da baƙi, kusan kowace waƙa da nata makaɗan, don haka dole a buɗe bayanin waƙa ɗaya bayan ɗaya a ga inda sunansa yake, in ba haka ba za ka yaba masa jitar wani. Wanda ya fi sauƙi shi ne Contemplating the Engine Room na 1997: mutum uku ne daga farko har ƙarshe, Watt da Cline da mai ganguna Stephen Hodges. Labari ne guda a jere, na ma'aikata uku a ɗakin injin jirgin ruwa, wanda Watt ya gina a kan rayuwar mahaifinsa sojan ruwa da kuma ta Minutemen. Duk jitar da ka ji a ciki tasa ce. In mutum zai saurari faifai ɗaya tak daga wannan ɓangaren, wannan ne.

Sai The Geraldine Fibbers, ƙungiyar mawaƙiya Carla Bozulich, masu haɗa zafin punk da goge da kiɗan ƙauyen Amurka. Kundi biyu suka yi na situdiyo, kuma a nan ma akwai rami. Na farkon, na 1995, wani ne dabam yake kaɗa jita. Cline yana cikin na biyu ne kawai, Butch na 1997. Bayan watsewarsu shi da Bozulich suka ci gaba su biyu da sunan Scarnella, wanda haruffan Carla da Nels ne aka cakuɗa, suka fitar da kundi a 1998. A 2003 kuma ta sake rera kundin mawaƙin ƙauyen Amurka Willie Nelson, Red Headed Stranger, gaba ɗayansa, kuma makaɗan da suka raka ta su ne Cline da Hoff da Amendola, wato Singers ɗin nan dai. A nan littafin rubutuna ya biya kuɗinsa, don da ban rubuta abokan kiɗa ba da ban lura cewa mutanen jaz ɗin da na punk ɗin su ne su ba. Akwai kuma faifansa biyu da Thurston Moore na Sonic Youth, Pillow Wand da In-Store, jita biyu suna gurnani ba waƙa ba taku. Waɗannan a ajiye su kusa da na Coltrane, can ƙarshe.

Yanzu maganar samu da kuɗi. Kundayen manyan kamfanoni, irin na Wilco da na Blue Note, suna kan manhajojin sauraro, kuma Spotify yana aiki a Najeriya tun 2021. Lissafin data kuwa mai sauƙi ne: a matsakaicin inganci awa ɗaya tana cin wajen MB 43, a mafi girma kuma wajen MB 144. Ga kiɗan da rabin daɗinsa yana cikin ƙananan sautuka, matsakaicin yana cinye abubuwa da yawa, musamman karar faranti na ganguna da wutsiyar sautin jita. Gara a sauke da dare a mafi girman inganci sau ɗaya, a yi ta ji ba data. Na ƙananan kamfanoni su ne suke ɓacewa, yau akwai gobe babu, wasu kuma an rufe su ga wasu ƙasashe. Su ake nema a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, inda kundi yakan kama tsakanin dala 8 zuwa 12, kuma in ka saya fayil ɗin naka ne. A nan katin banki ya tsaya mini. Lokacin da na fara, bankuna da yawa sun rage ko sun dakatar da sayayyar ƙetare da katin naira, nawa ya ƙi wucewa sau uku, kuma saƙon da ke fitowa bai faɗi dalili ba. Kwana biyu na yi ina zargin shafin, na bar jaki ina dukan taiki. Hanya biyu ce ta yi aiki. Ɗaya ita ce katin dala na cikin waya da wasu manhajojin kuɗi suke bayarwa, wanda sai ka tabbatar da kanka da BVN ko NIN da hoton fuska, kuma tabbatarwar ta ɗauke ni kwana biyu. A zuba abin da ya ɗan fi farashin, don akwai kuɗin buɗe katin da bambancin canji. Ta biyu ita ce ɗan'uwa a waje ya saya ya turo a matsayin kyauta, don Bandcamp yana da wannan zaɓin, adireshin imel kawai yake buƙata. Wurin saukewa za a tambaye ka nau'in fayil. FLAC ba ya rage komai amma kundi ɗaya yakan kai MB 300 zuwa 400. MP3 mai lamba 320 ya ishi waya. Kundin yana zuwa ne a ƙunshe cikin fayil na zip, sai an warware shi kafin manhajar kiɗa ta gan shi.

Faifai ɗaya ne na saya na hannu, CD ɗin Scarnella, don ban same shi a manhajar da nake amfani da ita ba a lokacin. A kasuwar Discogs kowane mai sayarwa yana rubuta darajar faifan da ta kwalinsa dabam-dabam, da haruffa: M sabo fil, NM kusan sabo, VG+ mai ɗan alamar amfani, VG mai ƙarce da ake gani. Ga CD, daga VG+ zuwa sama ba damuwa. Wahalar ita ce samun wanda zai aiko Afirka ta Yamma. Cikin mutum biyar da na tuntuɓa, biyu ba su amsa ba, biyu sun ce ba sa aikowa, ɗaya ya yarda. Don haka a rubuta wa mai sayarwa kafin a danna saye, don da zarar ka danna an ɗaure ka da biya. Faifan dala 9 ne, aikawa dala 19, wato dako ya ninka kaya. Na roƙi a cire akwatin robar a aiko da faifan da takardunsa kawai, abin da masu sayarwa suka saba yi, yana rage nauyi kuma ba abin da zai fashe. Na kuma dage a kan lambar bibiya, na sa lambar wayata a jikin adireshin. Lambar ta nuna kayan sun bar ƙasarsu cikin kwana huɗu, daga nan ta yi tsit mako biyar. Ba wanda ya kira ni. Na je gidan waya da kaina da lambar a rubuce da katin shaida, aka duba littafi aka ce bai iso ba, na koma bayan kwana goma aka same shi a ɗakin ajiyar ƙananan kaya, ya kwana shida a wurin. Na biya ɗan kuɗin karɓa, na nemi rasit, na sa hannu. Da na isa gida sai na tuna kwamfutata ba ta da wurin sa CD. Sai da na nemo na'urar karanta faifai ta USB wurin masu gyaran kwamfuta, na kwafe shi zuwa FLAC, sannan na ji shi. Daga biya zuwa ji, kwana 52.

Takardun cikin faifai da bidiyon wasanninsa ne suka amsa mini tambayar farko, wato yadda ake fitar da wancan sautin na Tassili. Jitar da aka fi saninsa da ita Fender Jazzmaster ce ta 1959, wadda ya samu daga hannun Mike Watt. Ƙirar Jazzmaster tana barin tsirkiya mai tsawo a bayan gadar da igiyoyin suke hawa, kuma in aka kaɗa wannan wurin yana ba da ƙara kamar ta ƙararrawa. Tana kuma da sandar lanƙwasa sauti mai laushi, wadda ke sa sauti ya yi lilo ba tare da ya karye ba. A ƙasa yana da na'urorin takawa da ƙafa: mai ƙara da rage murya, wadda da ita ake ɓoye bugun farko sai sautin ya shigo kamar na goge, Fuzz Factory mai yayyaga sauti, da tsohuwar na'urar Electro-Harmonix mai riƙe daƙiƙa 16 na abin da aka kaɗa ta yi ta maimaitawa, a juya shi baya ko a rage masa gudu. Wani lokaci ma ƙarfe mai murɗe ko abin kaɗa ƙwai yake gogawa a kan igiyoyin. Mai jita da yake son gwada shawagin nan ba ya buƙatar duk wannan. Ya rufe maɓallin muryar jitar, ya bugi igiya, ya buɗe a hankali da ƙaramin yatsa, ya ƙara na'urar amsa-kuwwa a baya.

Abin da zan gaya wa mai farawa bai wuce abin da ya ci mini lokaci ba. Kafin a saurari kundin kowace ƙungiya saboda mutum ɗaya, a duba shekarar da ya shiga da shekarar da ya fita; minti biyu ne, ni kuwa rashinsa ya ci mini mako uku a Wilco, ya kusa sake ci a Fibbers. A bi sunayen abokan kiɗa maimakon sunan da ke kan kwali, don Amendola da Watt da Bozulich da Rainey kowannensu ƙofa ce zuwa wasu faifan goma. Kundin da ya ƙi shiga kunne a rubuta ranar a ajiye shi wata ɗaya, kada a goge. Kada a sayi na hannu sai an tabbatar babu shi a fayil, in kuma za a saya a haɗa biyu ko uku wurin mai sayarwa ɗaya, don kuɗin aikawa ba ya ƙaruwa sosai da ƙarin faifai. Shafi na ƙarshe a littafina yanzu yana kan Consentrik Quartet na 2025, shi da Ingrid Laubrock a saksofon, Chris Lightcap a bes, da Tom Rainey a ganguna. Sunan Laubrock ne sabo a layi na huɗu, kuma shafinta na Discogs shi ma doguwar tafiya ce da ban fara ba tukuna.